Daga sanarwa zuwa bakin igwa: yadda ake karanta labaran yaƙin Yukiren

Duk lokacin da aka ce wata ƙasa ta bai wa Yukiren tallafin makamai na dala biliyan kaza, tambayar da ya kamata a fara yi ita ce, yau kayan suna ina? Mai yiwuwa suna jibge a rumbun sojan ƙasar da ta yi alƙawarin. Mai yiwuwa suna kan takardar kwangila, ko ƙarfen da za a ƙera su ba a narka ba. Mai yiwuwa kuma sun je bakin daga sun yi wata biyu, yanzu suna kwance a garejin gyara a Lituweniya. Duka ukun "tallafi" ake kiransu a labarai. Tun da Rasha ta afka wa Yukiren ranar 24 ga Fabrairun 2022, yawancin musun da ake tafkawa a Facebook da zaurukan WhatsApp daga rashin bambance waɗannan yake tasowa.

Ɗauki Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa bayar da makamai a shekaru ukun farko. Hanya biyu ta riƙa bi. Ta farko, shugaban ƙasa ya sa hannu a kwaso kaya kai tsaye daga rumbun sojojin Amurka, kuma irin wannan cikin kwanaki ko 'yan makonni yake isa. Ta biyu, wadda ake kira USAI, kuɗi ne ake ware wa kamfanoni su ƙera sabon kaya, abin da kan ɗauki watanni, wani sa'in fiye da shekara. A dala biliyan 61 ɗin nan da majalisar dokokin Amurka ta amince da su a Afrilun 2024, bayan jan ƙafa na kusan wata shida, fiye da kashi ɗaya cikin uku na cike gurbin abin da aka riga aka kwashe daga rumbun Amurka ne. Wato kuɗin ko teku bai tsallaka ba. Kafin nan, a Yunin 2023, ma'aikatar tsaron Amurka ta ce ta yi kuskuren lissafi na dala biliyan 6.2, domin ta riƙa yi wa tsofaffin kaya kuɗi da farashin sababbin da za su maye gurbinsu. Ranar da aka gyara lissafin, ko harsashi ɗaya bai ƙaru a hannun sojan Yukiren ba, alƙalami ne kawai ya motsa. Shi ya sa cibiyar Kiel ta Jamus, wadda ke bin diddigin tallafin, take raba alƙaluman gida biyu: abin da aka yi alƙawari da abin da aka ware a zahiri. A 2025 tsarin ya sake sauyawa. An dakatar da tallafin Amurka na kusan mako guda a watan Maris, aka dawo da shi bayan zaman da jami'an Amurka da na Yukiren suka yi a Jidda ranar 11 ga watan, sannan daga tsakiyar shekarar aka koma ga tsarin da ƙasashen NATO ke biyan kuɗi Amurka ta sayar musu da makaman a miƙa wa Yukiren.

In kaya sun tashi, mafi yawansu filin jirgin Rzeszów-Jasionka suke sauka, a kudu maso gabashin Polan, ƙasa da kilomita 100 daga iyaka. Daga nan sai tirela ko jirgin ƙasa. A nan akwai wani cikas da ba kasafai ake ambata ba: faɗin layin dogon Polan milimita 1,435 ne kamar yawancin Turai, na Yukiren kuwa 1,520 ne, gadon zamanin Tarayyar Sobiyet. Taragon wannan ba ya hawa layin wancan. Dole a sauke kaya a sake lodi a kan iyaka, ko a sauya wa taragu ƙafafu, kuma duk wurin da kaya suka tsaya suka taru wuri ne da abokin gaba ke nema.

Inda gizo ke saƙa shi ne harsashin igwa. Sojan Yukiren da bindigogin Sobiyet ya shiga yaƙin, masu cin harsashi mai faɗin milimita 152 da 122. Ƙasashen NATO 155 suke amfani da shi. Bambancin milimita uku ne tsakanin 152 da 155, amma wannan ba ya shiga bindigar wancan. Manyan masana'antun 152 a Rasha suke, don haka da rumbunan gabashin Turai suka fara ƙarewa, ba yadda za a yi sai sauya bindigogin baki ɗaya.

Harsashin 155 guda ɗaya nauyinsa kilo 43 zuwa 47 ne, kuma shi kaɗai ba ya tashi. Abu huɗu ne ke haɗuwa: shi ƙarfen mai ɗauke da abin fashewa, da fiyus da ake murɗawa a hancinsa, da jakunkuna ko gwangwanayen albarushin da ke tura shi, da ɗan ƙaramin abin kunna albarushin. In aka kawo dubu goma babu fiyus, ƙarfe kawai aka tara. A tsakiyar 2022 jami'an Yukiren sun ce suna harba 5,000 zuwa 6,000 a rana. Lissafa 6,000 sau kilo 45, tan 270 ke nan kullum, ban da albarushi da akwatuna. A wancan lokacin Amurka kimanin 14,000 take ƙerawa a wata, wato abin da bai kai harbin kwana uku ba. Tarayyar Turai ta yi alƙawarin miliyan ɗaya cikin shekara guda a Maris 2023, da wa'adin ya cika kusan rabi aka samu, sai a Nuwamban 2024 aka cike. A cikin wannan giɓin ne garin Avdiivka ya faɗi ranar 17 ga Fabrairun 2024, masu igwar Yukiren suna ƙidaya harsashi kamar mai ƙidaya kwabban cefane. A watan ne kuma shugaban Jamhuriyar Czech, Petr Pavel, ya sanar a Munich cewa ƙasarsa ta gano harsasai 800,000 da za a iya saya a wasu ƙasashen duniya in an samu mai biya.

Ko a cikin 155 ɗin ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Bututun M777 ta Amurka kusan mita 6 ne, na PzH 2000 ta Jamus da Caesar ta Faransa da Krab ta Polan kusan mita 8. Kowace bindiga tana da jadawalinta na harbi, wanda ke gaya wa mai saiti yawan albarushi da tsayin da zai ɗaga hanci ga kowane irin harsashi. In aka zuba harsashin wata ƙasa da albarushin wata a bindigar ta uku ba tare da jadawalin da ya dace ba, harbi zai tashi, amma ya sauka ɗaruruwan mitoci nesa da inda ake so, ko ya ci bututun da wuri. Shi kansa bututun yana da kwanaki. Na M777 ana sa ran canza shi bayan harbi kimanin 2,500 da cikakken albarushi, domin zanen da ke cikinsa, wanda ke sa harsashi juyawa, yana sudewa. PzH 2000 kuma na'urar lodinta ta fara ba da matsala tun a watannin farko, saboda an wuce yawan harbin da aka tsara mata a rana nesa ba kusa ba. Zuwa ƙarshen 2022 an ruwaito cewa kusan ɗaya cikin uku na bindigogin igwar da Yamma ta bayar suna wajen gyara a kowane lokaci. Ƙananan gyare-gyare makanikan Yukiren ke yi, suna tura hoto ta kafar saƙo mai kariya ga ƙwararrun Amurka da ke zaune a Polan, su kuma su faɗa musu abin da za su kwance. Babban gyara kuwa sai an ɗora bindigar a tirela an yi tafiyar fiye da kilomita dubu zuwa wajen ƙasar, a dawo da ita bayan makonni.

Wani lokaci ma takarda ce ke tsayar da bindiga. Motar kakkaɓo jirage ta Gepard da Jamus ta bayar ta yi fice wajen harbo jirage marasa matuƙa samfurin Shahed, amma harsashinta mai milimita 35 da yawansa a Suwizalan aka ƙera, ita kuma ta ƙi yarda a miƙa shi ga ƙasar da ke yaƙi saboda dokarta ta 'yan ba-ruwanmu. Sai da kamfanin Rheinmetall ya kafa sabon layin ƙira a Jamus a 2023. Muhimmancin wannan a aljihu yake: makamin kariyar sama na Patriot guda ɗaya kan kai dala miliyan 4, Shahed kuwa dubban daloli ne 'yan gomomi. Wanda ya riƙa harbo na biyun da na farkon, shi zai fara talaucewa.

Tankokin yaƙi sun fi komai cin kanun labarai, amma a ganina an ba su girman da ya fi nasu. Abrams 31 daga Amurka, Challenger 14 daga Birtaniya, Leopard iri daban-daban daga ƙasashe da yawa, kowacce da kayan gyaranta, Challenger ma har da harsashinta na daban. An sanar da Abrams a Janairun 2023, suka isa a Satumba, bayan farmakin da aka so a yi da su ya riga ya cije a gonakin nakiyoyin Zaporizhzhia.

Abin da ya sauya lissafi da gaske a 2022 shi ne HIMARS, motar harba rokoki ta Amurka, kuma dalilin yana haɗe da yadda sojan Rasha ke motsi. Rundunar Rasha a kan layin dogo take rayuwa. Jirgin ƙasa ya kawo kaya tasha, a jibge a rumbu, motoci su riƙa ɗiba zuwa gaba. Rokar HIMARS tana cin kusan kilomita 80, kuma tana sauka inda aka saita ta. Da ta fara tarwatsa rumbunan a Yuli, dole aka janye su baya. A ce rumbu yana kilomita 30 daga bakin daga, mota za ta yi sawu uku a rana. In ya koma kilomita 100, sawu ɗaya za ta yi da ƙyar. Motocin ba su ragu ba, amma abin da ke isa ga masu igwa ya ragu sosai. Haka aka riƙa huda gadar Antonivskyi a kan kogin Dnipro har ta gagari manyan motoci, sojojin Rasha suka bar birnin Kherson a Nuwamban 2022 ba tare da an gwabza a cikin gari ba. Sai dai gaba da gabanta. Rasha ta ƙware wajen dagula siginar GPS, har harsashin Excalibur mai bin tauraron ɗan'adam, wanda da farko yake samun abin da aka nufa a mafi yawan harbi, ya koma yana kuskure kusan kullum. Makamin da ya yi abin mamaki a watan farko ba lalle ya yi shi a wata na goma ba.

Mai son ya san ko runduna da gaske take shirin farmaki, ya bar jawabin minista ya dubi abin da ke bayan tankoki. A Afrilun 2021 Rasha ta tara sojoji kusa da iyaka, sannan ministan tsaro Sergei Shoigu ya ce su koma bariki. Mutanen sun koma, amma an bar manyan kayan a sansanin Pogonovo kusa da Voronezh. Soja ana dawo da shi a jirgi cikin kwana biyu, tanka ce ke cin makonni. A farkon 2022 sai aka ga abubuwan da atisaye ba ya buƙata da yawa haka: tankokin mai, asibitocin tafi-da-gidanka, gadojin da ake shimfiɗawa a kan ruwa, har da ajiyar jini. Ranar 15 ga Fabrairu Rasha ta ce ta fara janyewa, ta fitar da bidiyon tankoki a kan taragu. Atisayen da ake yi a Belarus ranar 20 ya kamata ya ƙare, aka ce an tsawaita. Da asubahin 24 ga wata, masu bincike a cibiyar Middlebury ta Amurka sun ga Google Maps yana nuna cunkoson motoci a hanyar Belgorod zuwa iyaka da misalin ƙarfe uku na dare, sa'o'i kafin Putin ya yi jawabi. Wayoyin direbobin farar hula da ayarin soja ya tare wa hanya ne ake jin sun tona asirin.

Hoton tauraron ɗan'adam shi ma sai da karatu. Ayarin nan mai tsawon kilomita 64 da kamfanin Maxar ya nuna a arewacin Kyiv a ƙarshen Fabrairun 2022, duniya ta ɗauke shi a matsayin guduma da za ta sauka a kan birnin. Ashe cunkoso ne. An karya gadoji, an saki ruwan kogin Irpin ya malale fadama, gefen titi ya zama taɓon narkewar ƙanƙara wanda ke haɗiye taya, motar gaba ta ƙare mai, tankar man da za ta kawo mata ɗauki tana can baya ba hanyar wucewa. Farkon Afrilu suka juya. Tsakanin Yuli da Satumbar shekarar Yukiren ta yi amfani da surutu a matsayin makami: ta yi ta shelar farmakin Kherson a kudu, Rasha ta kwashi ƙwararrun dakarunta zuwa can, sai aka ɓullo ta Kharkiv aka karɓe Balakliia da Kupiansk da Izium cikin mako guda. Kutsen yankin Kursk na 6 ga Agustan 2024 kuwa da shiru aka yi shi.

Zuwa 2025 irin wancan ayarin ya zama tarihi. Jirage marasa matuƙa suna shawagi a kan duk abin da ke cikin kilomita 10 zuwa 15 daga bakin daga, wasu da zaren waya mai ɗaukar haske suke tafiya, wanda ba a iya dagula musu sigina. Sojoji bibbiyu ko uku-uku suke kutsawa, a ƙafa ko a babur. A Maris 2025 sojojin Rasha sun bi ta cikin bututun iskar gas mai faɗin mita 1.4, tafiyar kilomita goma sha wani abu a sunkuye, don su ɓullo ta bayan sojojin Yukiren a garin Sudzha na yankin Kursk. Saboda haka bidiyon mutum biyu suna ɗaga tuta a kan rufin makaranta ba ya nufin gari ya faɗi. Yana nufin mutum biyu sun isa rufin a wannan sa'ar.

Alƙaluman mamata su ne suka fi ruɗar mutane, kuma wani ɓangare na laifin na fassara ne. Adadin da rundunar Yukiren ke fitarwa kullum na asarar Rasha, wanda ya haura miliyan ɗaya a Yunin 2025, ya haɗa da waɗanda aka kashe da waɗanda aka raunata. Mai fassara ya mayar da shi "an kashe" ya ninka gaskiya sau da yawa. Kowane ɓangare yana rage nasa ya kumbura na abokin gaba. Shoigu ya ce an kashe wa Rasha soja 5,937 a Satumbar 2022, daga nan gwamnatinsa ta yi gum da jimilla. Shugaba Zelensky ya ce na Yukiren 31,000 ne a Fabrairun 2024. A harin da Yukiren ta kai wa masaukin sojojin Rasha a Makiivka daren sabuwar shekarar 2023, Rasha ta amsa 89, ta ɗora laifin a kan sojojin da suka kunna wayoyinsu, Yukiren ta ce kusan 400. Abin da ya fi tsayuwa da ƙafarsa shi ne ƙidayar da ake yi da suna. Kafar labarai ta Mediazona da sashen Rashanci na BBC suna tattara sunayen sojojin Rasha ɗaya bayan ɗaya daga sanarwar jana'iza da kaburbura, kuma sun haura 100,000 a 2025. Shafin Oryx ba ya ƙidaya tanka sai da hotonta. Irin wannan adadi ƙasan gaskiya ne, na ainihi yana samansa. Ka kuma tuna cewa duka ɓangarorin sun ɗaure bakin 'yan ƙasarsu tun Maris 2022: a Rasha abin da hukuma ta kira labarin ƙarya kan soja yana iya jawo ɗaurin shekara 15, a Yukiren kuma wallafa motsin sojoji ko na makamai laifi ne mai ɗauri.

Ba ɓangare ɗaya ke shara ta ba, amma nauyin ƙaryar ba ɗaya ba ne. Matuƙin jirgin nan da aka yi wa laƙabi da fatalwar Kyiv, rundunar saman Yukiren da kanta ta ce babu shi, kuma bidiyon da aka yaɗa daga wasan kwamfuta aka ciro shi. Masu gadin tsibirin Snake 13 da aka ce sun mutu, da ransu aka same su a hannun Rasha. A ɗaya gefen, Rasha ta ce gawarwakin Bucha shiri ne da aka yi bayan ficewarta, sai hotunan Maxar na tsakiyar Maris suka nuna su yashe a titin Yablunska tun sojojinta na riƙe da garin. Ta ce gobara da igiyar ruwa ne suka nutsar da jirgin Moskva a Afrilun 2022, Yukiren ta ce makaman Neptune biyu ne. Rasha ta kuma sanar da lalata HIMARS fiye da adadin da aka kawo a lokacin, wasu daga cikin abin da ta harba na katako ne da aka ajiye don yaudara. Sojojin Koriya ta Arewa a Kursk, wata shida ana kauce wa maganar, sai a ƙarshen Afrilun 2025 Mosko da Pyongyang suka amsa. Gaggawa ma tana kayar da manyan kafafe. Da makami ya kashe mutum biyu a ƙauyen Przewodów na Polan ranar 15 ga Nuwamban 2022, labarin farko na Rasha ne aka ce, kafin gari ya waye alamu suka nuna makamin kariyar saman Yukiren ne ya kauce.

In bidiyo ya shigo maka waya, ɗauki hoton wani sashe nasa ka saka a Google Lens ko Yandex, sau da yawa za ka tarar tsoho ne, ko na Siriya, ko daga wasan Arma 3. Dubi bishiyoyi: in an ce jiya ne a watan Janairu ga ganye kore shar, magana ta ƙare. Ƙonanniyar tankar T-72 ko motar sulke ta BMP ba ta faɗin mai ita, domin duka ɓangarorin suna da su, sai an ga alamar fenti ko launin salatif a hannun sojoji, rawaya ko shuɗi ko kore galibi na Yukiren, fari ko ja galibi na Rasha. Bidiyon jirgi maras matuƙi a daidai lokacin bugu yake yankewa, don haka bai nuna ko motar ta ƙone ko ta ci gaba da tafiya ba, waɗanda suka kuskure kuwa ba mai wallafa su.

Akwai inda maganar ta taɓo mu kai tsaye. A ƙarshen Nuwamban 2022, a taron ƙasashen yankin Tafkin Chadi a Abuja, Shugaba Muhammadu Buhari ya ce makaman yaƙin Yukiren sun fara sulalowa yankin. A Janairun 2024 kuma babban mai binciken ma'aikatar tsaron Amurka ya ce ba a sabunta ƙidayar kayan kusan dala biliyan ɗaya ba cikin waɗanda doka ta ce a riƙa bi da lamba, irin su makamin harbin tanka na Javelin da na harbo jirgi na Stinger da tabaran ganin dare. Mutane da yawa sun haɗa maganganun biyu suka ce an sace kayan an kawo Sahel. Rahoton bai ce an karkatar da su ba, cewa ya yi ba a ƙidaya su a kan lokaci ba. Hanyar tabbatar da irin wannan zargi sananniya ce, ita masu bin sawun makamai kamar Conflict Armament Research ke bi: a ɗauki hoton lambar da aka buga a jikin bindigar, da hatimin da ke gindin kwanson harsashi mai nuna masana'anta da shekara, da lambar rukunin da ke jikin akwati, sannan a rubuta wa ƙasar da ta ƙera a tambaye ta wa ta fara sayar wa.